Kotso Ba Ya Hana Digiri

Jama'a, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, 'ya'yan Gwandu ke zuwa Kalgo suna fitowa da digiri. Amma nawa ne cikinsu suka iya riƙe kotso? Da yaro ya taɓa shi sai a ce zai zama maroƙi. Haba! Koyon kiɗa daban, roƙo daban. A ƙasar Ailan, Jami'ar Limerick har digiri take bayarwa kan kiɗan kakanninsu. Mu kuwa Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, kaset ya adana muryarsa, bai adana hannun makaɗansa ba. Ɗalibi, in ka tashi daga lacca, nemi tsohon makaɗi ka durƙusa ka koya. Ranar da tsofaffin nan suka ƙare, wa zai nuna maka?