Kowane Aiki da Kuɗinsa

Manoma da yawa, in an tambaye su abin da suka kashe a gona, sai su faɗi jimla ɗaya. Amma in aka ce nawa huɗa ta ci, nawa ban ruwa, nawa girbi da sussuka da dako, sai a ji shiru. To, a nan hasara take ɓuya.

Cikin 1988 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, watau Robin Cooper da Robert Kaplan, suka bayyana wa masu masana'antu wata hanyar lissafi. Suka ce kada a tara ɗawainiya duka a raba ta da ma'auni ɗaya. A bi aiki aiki, a san abin da kowanne ya ci, sa'an nan a ɗora wa kowace haja gwargwadon aikin da ta jawo.

Wannan dabara lalle ta shafi mai noman rani. A ce mutum yana da shinkafa da alkama, injin ban ruwa ɗaya. Injin ya yi awa 100 yana aiki, 70 a shinkafa, 30 a alkama. In ya raba kuɗin fetur biyu daidai, ya ɗora wa alkama nauyin da ba nata ba. Baɗi sai ya rage alkama ya ƙara shinkafa, yana tsammanin riba ya bi, alhali kuwa ta yiwu hasara ya ƙara. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, irin wannan kuskure ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

Waɗansu suna cewa ai yanzu waya ta ɗauke wannan wahala, tun da duk kuɗin da aka tura banki yana aiko da saƙo. Gaskiya ne, amma saƙon banki adadi da rana yake faɗi. Bai san ko kuɗin na shuka ne ko na feshi ba, balle gonar da aka yi wa. Mai gona ne kaɗai ya sani.

Waɗansu kuma suna cewa manomi ba akawu ba ne. Suna da hujja, gama har masana'antu sun koka da yawan rubutun, shi ya sa cikin 2004 Kaplan da Steven Anderson suka sauƙaƙa hanyar, suka ce a auna da lokaci. Manomi ma abu uku sun ishe shi kowace yamma: wane aiki, wace gona, awa nawa ko 'yan ƙwadago nawa. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki, waya ta ɗauki muryarsa. Kada kuma ya manta da guminsa da na 'ya'yansa, su ma kuɗi ne.

Haka ɗan kasuwa zai ware lodi da la'ada da kuɗin sito na kowane kaya, akawun ƙungiyar manoma kuwa ya zana wa jama'arsa layukan littafin. A fara tun daga sharar gona, kada a jira kaka.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.