Sharhi: Maganin Ƙanjamau da Matsalar Hanya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tun shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta a asibitocin gwamnati. Binciken ƙasa na shekarar 2018 kuwa ya nuna cewa Jihar Katsina na cikin jihohin da suka fi ƙarancin masu ɗauke da ƙwayar cutar, da kashi 0.3 cikin ɗari. Wannan abin godiya ne, to amma ƙarancin adadi ba hujjar sakaci ba ce, domin magani ne da ake sha kullum har iyakar rayuwa.

Maganin kansa ya inganta. An daina ba da stavudine, wanda kan jawo zugin ƙafafu da zabgewar fuska. A yanzu yawancin majinyata ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Duk da haka, jiki da jiki ya bambanta. Tenofovir kan taɓa ƙodar wasu, dolutegravir kan ƙara wa wasu ƙiba, mai shan maganin tarin fuka kuma sai an ƙara masa awon dolutegravir. Ke nan gwajin ƙoda, da awon hawan jini da sukari, da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini aƙalla sau ɗaya a shekara, duk ɓangare ne na jinyar.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, babban cikas shi ne isa wurin maganin. Sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya nuna wa duniya halin da yankin ya shiga. Wanda ya yi gudun hijira daga ƙauyensa, ko hanya ta gagare shi, zai iya yin makonni bai sha magani ba, kuma a irin wannan giɓi ne ƙwayar cutar take samun damar bijire wa magani.

A ganinmu, abubuwa uku ne mafita. Na farko, majinyacin da jikinsa ya daidaita a riƙa ba shi maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya. Na biyu, hukumar KATSACA da Ma'aikatar Lafiya su kai magani ƙananan asibitocin karkara, a riƙa ɗibar jini a can ana aikawa da shi gwaji. Na uku, a tsare sirrin majinyaci kamar yadda dokar hana tsangwama ta 2014 ta tanada, musamman matan aure da kan ji nauyin karɓar magani a idon jama'a.

Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya tuna mana cewa kwaɗon wani ba ya cika miya. Wajibi ne jiha da ƙananan hukumomi su ware wa wannan aiki kaso a kasafinsu, domin mutumin Sabuwa ya sami irin kulawar da ɗan'uwansa na birnin Katsina yake samu. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.