Wa Zai Duba Hankalin Yaranmu a Ɗakin Shan Magani?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ma'aikata masu tasowa, kowa ya san yadda ake yi in an kai yaro ɗakin shan magani na ƙauye: a auna nauyinsa, a taɓa goshinsa, a ba shi maganin zazzaɓi, a sallame shi. To, yarinyar da ta daina magana tun daren da 'yan bindiga suka faɗa wa garinsu fa? Ko yaron da ya kasa zama wuri ɗaya a aji har malam ya gaji da dukansa? Irin waɗannan ba su da gurbi a littafin malamin asibiti. Sai a ce iska ce, ko rashin ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen rabin cututtukan taɓin hankali kafin shekara 14 suke somawa. Watau ciwon da ake kwantar da magidanci dominsa a Dawanau ko Kware ko Barnawa, sau da yawa tun yana firamare ya yi tsiro, ba wanda ya lura.

Doka kam akwai ta. Tun 1991 Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, a 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar doka a madadin ta 1958, wadda Turawa suka bar mana. Amma uwar da ke goye da yaro mai firgita ba takarda take nema ba. In asibitin kusa ya juya ta, gidan mari na jiranta. Ba mu manta da mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, har da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Mu ba mu ce a kai likitan ƙwaƙwalwa kowane ƙauye ba. Ina ma aka gan su? Littafin mhGAP da Hukumar ta fitar a 2010, domin ƙananan ma'aikatan lafiya aka tsara shi: su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da jinkirin girman yaro, su yi maganin abin da za su iya, su tura sauran gaba. Ba mu kuma ce a yi gaba da malaman ruƙiyya ba. Dokta Lambo ma, da ya fara kula da majinyata a ƙauyukan Aro a 1954, da masu maganin gargajiya ya yi aiki.

Ku da ke rubuta kasafin ƙananan hukumomi, lalle ku ware kuɗin wannan horo, ku kuma tabbata maganin farfaɗiya bai yanke a ɗakin shan magani ba.