Mu Daina Satar Manhaja, Mu Zana Taswirar Garuruwanmu

Duk wanda ya kai lokacin furojet ya san abin da muke yi. Wani ya buɗe Google Maps, ya ɗauki hoton allo, ya manna a babi na uku, wai ya yi taswira. Wani kuma ya je shago a sa masa ArcGIS na sata. Ni ma na yi. Saura kwana huɗu in miƙa aiki manhajar ta ƙi buɗewa, wallahi sai da na koma farko.

Shawarata, 'yan'uwa ɗalibai, mu koma QGIS. Kyauta ce, halas ce, ba lasisin da zai ƙare maka tsakar dare. Tun 2002 masu sa kai ke gina ta a fili. Hanyoyi da gulabe kuwa sai ka ɗauko daga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya gyarawa. In za ka shiga ƙauye, sauke OsmAnd a waya, tana aiki ko babu data.

To me za ka zana? Abin da ka sani, wanda kamfanin Amurka bai sani ba. Shi zai nuna maka titin Jega zuwa Koko, amma bai san wace burtsatse ce ta mutu a ƙauyukan Maiyama ba. Ɗan Aliero ya zana rumbunan albasa da hanyoyin da mota ke iya bi da damina. Ɗan Jega ya zana fadamun bakin Gulbin Zamfara da ruwa ke ci. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san amfanin wannan.

Za a ce ai ArcGIS ma'aikatu ke tambaya. Haka ne. Amma wanda ya iya ɗaya ba ya daɗewa bai iya ɗayar ba, kuma fayilolin taswira suna buɗewa a duka biyun.

Hattara ɗaya fa: abin da ka ɗora a OpenStreetMap duniya ke gani. A wannan hali na tsaro, gidan wani ko garken shanunsa ya tsaya a kwamfutarka.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ware Asabar ɗaya a ɗakin kwamfuta. Kowa ya zo da filashinsa da sunan garinsu.