Taswirar Masu Hali Ba Ta San Ƙauye Ba

Jama'a, wai shin tun yaushe sawun mai keken tsada ya zama muryar talakan ƙauye?

Akwai wata manhaja ta waya mai suna Strava, wadda aka kafa a Amurka a 2009. Mai gudu ko mai tuƙa keke zai kunna ta, ita kuma ta riƙa rubuta duk inda ya bi. A 2014 hukumar sufuri ta jihar Oregon ta biya dala 20,000 don ta sami waɗannan bayanai, a 2020 kuma kamfanin ya mai da su kyauta ga hukumomin tsara garuruwa. Yanzu har masu tsara wuraren shan iska a karkara suna duba taswirar don su san inda za a gyara turba, a kafa alamu, a kashe kuɗin jama'a.

To, ni dai na ce wannan aski ne a bayan mai kai. Wa ke kunna manhajar? Galibi maza ne masu ƙarfi a jiki da abin hannu, da yawansu ma baƙi ne daga birni. Tsohuwar da ke zagaya bayan gari da yamma ba ta ciki. Yaran da ke wasa a bakin rafi ba su ciki. Turbar da ta yi haske a taswira ita za a gyara, gyaran ya ƙara jawo masu keke, ta ƙara haske. Wadda ta yi duhu kuwa sai a ce ai ba mai bin ta.

Mai musu ya tuna da 2018, lokacin da wannan taswira ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya. Sojojin da ke motsa jiki sun haskaka, garuruwan da ke kewaye da su sun zauna cikin duhu, kamar ba kowa a ciki.

Masu goyon baya za su ce bayanan na da araha, kuma sun fi ƙiyasi. Gaskiya ne. A yi amfani da su, amma a fara zama da mutanen gari, a tsaya a bakin turba a ƙirga masu wucewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuma marubuta, wanda na'ura ta tsallake, alƙalaminmu bai kamata ya tsallake shi ba. Allah Ya sa mu gane.