Jitar Farko a Hannun Ɗan Manomi: Me Ya Kamata Ya Duba?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa karkarar da ke arewa da birnin Kano, wato daga Ungogo da Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, da kuma daga Dawakin Tofa zuwa Bici da Tsanyawa, tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nuna yadda gona a wannan yanki ba ta hutawa, ana noma ta kowace damina, taki ne kawai yake riƙe da ita. A irin wannan wuri kuɗi ba ya shigowa hannun saurayi sai da kaka, ko bayan ya kwashe tumatir a bakin madatsar Watari ko ta Tomas, ko kuma ya dawo daga cin rani. Saboda haka duk abin da zai saya da wannan kuɗi, tilas ne a auna shi da kyau.

Wayar hannu ta kai kiɗan jitar Buzayen Nijar da Mali cikin waɗannan ƙauyuka, kuma akan sami saurayin da kiɗan ya shiga ransa har ya ƙudura sai ya mallaki jita mai amfani da lantarki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sha'awar tasa ba abin dariya ba ce, amma jitar farko da ta dace da shi ita ce wadda aka auna da kunnen Bahaushe, da yanayin ƙauye, da kuma ƙarfin rumbu. Sunan kamfani da ƙyalƙyalin fenti su zo daga baya.

Me ya haɗa manazarcin Hausa da jita?

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan sashen Hausa da kayan kiɗan Turawa? Amsa ita ce, Bahaushe ba baƙon tsirkiya ba ne. A littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, an yi bayanin garaya da molo da gurmi da kuntigi, waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da ɗan abin kaɗi, da kuma goge da kukuma waɗanda ake gogawa. Da gurmi Haruna Uji ya yi suna, da kukuma Ali Makaho ya yi nasa, kuntigi kuwa shi ya kai Ɗan Maraya Jos ƙasashen duniya.

To amma tun daga shekarun 1990, lokacin da harkar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano, fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa. Mutum ɗaya yakan zauna gaban na'ura ya fitar da amon kalangu da na sarewa da na goge, alhali bai taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan ya sauƙaƙa aiki, amma ya rage yawan samarin da yatsunsu suka san tsirkiya. Jita kuwa, ko da ta lantarki ce, da hannu ake kaɗa ta, da kunne ake gyara ta, kuma ba ta ba da komai sai abin da yatsa ya sa mata. Ta wannan fuska ta fi kusa da gurmi fiye da yadda fiyano yake kusa da shi. Saurayin da ya ɗauke ta ya kama hanyar da za ta iya komar da shi ga kiɗan kakanninsa, in ya sami mai nuna masa.

Darasi daga waɗanda suka riga shi

Kafin a shiga kasuwa, yana da kyau a dubi yadda manyan makaɗan wannan nahiya suka fara. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi rayuwarsa ta kiɗa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da ɗan gwangwani a rufe shi da fata. Ali Farka Toure na ƙasar Mali ya fara ne da ɗan molon gargajiya mai tsirkiya ɗaya. A 1956 ya ga Fodeba Keita na Gini yana kaɗa jita, abin ya kama zuciyarsa, amma bai sayi tasa ta kansa ba sai a 1968. Tsakanin waɗannan shekaru da ta aro ya yi ta koyo. Daɗin daɗawa, har ya rasu a 2006 bai bar gonarsa ta Niafunke ba, kuma yana ɗaukar kansa manomi ne kafin makaɗi.

Haka nan Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen wadda ta sami lambar yabo ta Grammy a 2012, ya ƙera jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Mdou Moctar na Nijar shi ma da wayar keke ya haɗa tasa, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Abin lura a nan shi ne, dukkansu kunne da yatsa suka fara samu, kaya mai tsada ya iske su a hanya. Wanda bai iya fitar da zance daga tsirkiya ɗaya ba, shida ba za su yi masa magana ba.

Abin dubawa a jikin jita

Jitar lantarki tana da tsirkiya shida na ƙarfe. A ƙarƙashinsu akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi yake ɗaukar rawar tsirkiya ya mai da ita lantarki, ya aika wa amfilifaya. Kamfanonin Amurka ne suka tsayar da siffarta: Gibson ya fitar da Les Paul a 1952, Fender kuma ya fitar da Stratocaster a 1954. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihun ɗan koyo, amma akwai masu rangwame irin su Squier da Epiphone da Yamaha Pacifica. Akwai kuma na jabu masu ɗauke da manyan sunaye, saboda haka rubutun da ke kan jita ba shaida ba ne.

Abu na farko shi ne wuya. Mai saye ya ɗaga jitar ya leƙa tsawon wuyanta kamar yadda kafinta yake leƙa katako. In ya ga ya murɗe, ya ajiye ta ko nawa aka rage masa, domin murɗaɗɗen wuya ba ya gyaruwa da sauƙi. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, muddin sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, don da ita ake miƙar da shi.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da 'yan ƙarafan da aka gitta a wuya, wato matakai. A mataki na 12 tazarar kada ta wuce kamar milimita 2. In ta yi nisa, yatsun ɗan koyo za su yi ciwo har ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa, alhali laifin kayan ne. In kuma ta yi ƙasa da yawa, tsirkiya za ta riƙa zuza. Sai ya danna kowane mataki ɗaya bayan ɗaya ya saurara. Har ila yau, amon mataki na 12 ya kamata ya zama daidai da amon tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tashi sama. In sun saɓa, jitar za ta riƙa yi wa kunnensa ƙarya, kuma babu abin da ya fi wannan illa ga mai koyo.

Na uku, ya zaɓi mai kafaffen jaki, wato wurin da tsirkiyoyi suke hawa a gindi. Irin wadda ake liƙa wa hannun girgiza amo tana da ban sha'awa, amma tana yawan kwance sauti. Ya kuma gwada kunnuwan ɗaure tsirkiya ko suna riƙewa, ya jona waya ya motsa ta ya ji ko tana ƙarar tsatsa. Bahago kuma ya faɗi gaskiyarsa tun a kanti. Mdou Moctar da hagu yake kaɗawa, bai kuwa rage shi da komai ba.

Na huɗu shi ne yanayi. Hunturu yana busar da katako har bakin matakai su fito su riƙa yankar hannu, ƙura tana shiga maɓallai, damina kuma tana sa tsirkiya tsatsa. Jaka mai rufi, da ƙyallen goge gumi, da tsirkiyoyin ajiya, suna cikin kuɗin jita tun ranar saye, domin in siririyar tsirkiya ta tsinke a Makoɗa, sai an shiga Kano kafin a sami wata. A kan duk waɗannan, da ɗan gari akan ci gari: kada ɗan koyo ya je kantunan Sabon Gari shi kaɗai, ya nemi wanda ya iya kaɗawa ya raka shi. Tsohuwar jita mai lafiyar wuya ta fi sabuwa mai ciwo.

Wuta da amfilifaya

Jitar lantarki ba tare da amfilifaya ba, amonta bai wuce ɗaki ba. Kuskuren da samari suka fi yi shi ne su ƙarar da kuɗi a kan jita, ko kuma su sayi ƙatuwar lasifika ta biki tun ba su iya komai ba. Ga ƙauyen da wuta ba ta da tabbas, ƙaramar amfilifaya mai batir, wadda za a iya caji da sola, ita ce daidai. In tana da wurin jona abin saurare na kunne, ya fi, domin a ƙauyen da gidaje suke manne da juna, darni ne kawai tsakani, mai koyon da ya hana maƙwabta barci ya gama ɓata sunan kiɗansa.

Akwai kuma haɗari wanda ba a cika faɗa ba. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar waya. In amfilifayar tana da lahani, ko an jona ta a janareta ba bisa ƙa'ida ba, wuta tana iya bi ta kama mai kaɗawa, musamman in yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai laima. Mai batir ta raba shi da wannan.

Gona, iyaye da mutunci

A al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana haɗa ta da roƙo. Malamai kuma sun daɗe suna magana a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya shigo da jita ya ɓata rai, yana da dalilinsa, kuma bai kamata ɗan boko ya raina wannan dalili ba. Abin da yake tsoro shi ne ɗan ya bar fartanya, ya bar salla a kan lokaci, ya bi 'yan dare. Hanyar kwantar masa da hankali ita ce ya ga noma bai ragu ba, ya kuma ji abin da ake rerawa ba batsa ba ne. Waƙoƙin Ɗan Maraya na gargaɗi, irin su ta Karen Mota, sun isa shaida cewa tsirkiya tana iya ɗaukar magana mai nauyi.

A nan ne ya kamata a ja layi. Jitar farko a saye ta da rarar kaka ko ladan cin rani. Kada a taɓa hatsin rumbu, kada a sayar da akuyar da takinta yake ciyar da gona, uwa uba kada a jinginar da gona. A yankin da gado yake ƙara tsattsaga filaye kowane zamani, gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo, jita kuwa kullum tana nan a kanti. In kuɗin bana bai kai ba, gurmi ko kuntigi na hannun maƙeran gida ya isa a fara horar da yatsa har baɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sukar da ake yi

Wasu manazarta suna ganin jita ba za ta iya ɗaukar karin sautin Hausa ba, domin matakanta sun raba amo gida 12 bisa tsarin Turai, alhali garaya da gurmi ba su da matakai, yatsa yana sauka inda kunne ya so. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa wanda ya koyi jita daga darussan Turawa kaɗai zai iya tilasta wa kalmomin Hausa bin karin da ba nasu ba, har ma'ana ta jirkice. Sai dai yawancin kiɗan Hausa a kan amo biyar yake tafiya, kuma biyar ɗin ana samun kusa da su a wuyan jita. Abin da ya rage, tsirkiyar jitar lantarki tana da laushi, ana iya ture ta gefe da yatsa a sami amon da ke tsakanin matakai. Buzaye sun nuna hanya, inda sukan bar tsirkiya ɗaya tana amo ba yankewa, sauran kuma suna zance a kanta, kamar dai yadda ake kaɗa molo. Tun kafin wannan ma, Bala Miller ɗan Zariya ya rera waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani, jama'a kuma suka karɓa. Wannan ne ya sa laushin tsirkiya da gaskiyar amo suka zama ma'aunin zaɓe a sama.

Kammalawa

A taƙaice, saurayin Bici ko Dambatta da yake son jitar lantarki ya nemi mai miƙaƙƙen wuya, mai sauƙin dannawa, mai kafaffen jaki, tare da ƙaramar amfilifaya mai batir, a kuɗin da bai taɓa gona ba. In ya same ta, darasinsa na farko ya zama kwaikwayon kiɗan gurmin Haruna Uji ko kuntigin Ɗan Maraya a kan tsirkiya ɗaya ko biyu, har sai jitar ta iya furta Hausa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. An yi nazari mai yawa a kan matanin waƙoƙin baka, amma yadda ake ɗaure garaya da gurmi, da yadda yatsa yake tafiya a kansu, yana bukatar a ɗauke shi daga bakin tsofaffin makaɗan da suka rage a ƙauyuka, a rubuta shi da Hausa mai sauƙi. Ɗalibin da yake neman batun kundin digirinsa zai sami abin yi a nan, ɗan manomin da ya sayi jitarsa ta farko kuma zai sami littafin da zai koya daga ciki.