Ayarin fiɗa na mako ɗaya ba zai rage mana jira ba

Duk lokacin da aka kawo ayarin likitoci su yi fiɗar gwaiwa da yanar ido kyauta, sai a yi ta guɗa. Ba na raina alherinsu, amma ina tambayar masu mulki: wanda hanjinsa ya murɗe a Waca bayan tafiyar ayarin, wa zai jira?

A Ingila doka ta ce kada jira ya wuce mako 18, amma a 2023 layin ya haura miliyan 7. A Danmak, in jira ya zarce wa'adi, gwamnati ce ke biya a yi maka aikin a asibitin kuɗi. Su suna da jerin sunaye da za su yi faɗa a kansa. Mu namu layin yana cikin bukkoki. Mai gwaiwa yana noma da ita shekara da shekaru, mai naƙuda tana kan amalanke zuwa Magariya, in abin ya gagara a ce sai Damagaram. Mai hali ya sayar da sa ya ƙetara Kano.

Darasinmu yana Mozambik. Tun 1984 suke horar da ma'aikatan lafiya su yi fiɗa a asibitocin karkara, kuma su ne suka zauna can lokacin da manyan likitoci suka koma birni. Nijar ma ta koya wa ƙananan likitoci fiɗa don asibitocin gunduma. Masu cewa sai ƙwararre zai riƙe wuƙa su gaya mana ƙwararru nawa suka yarda su bar Yamai.

A 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, sannan ta bar asibitoci suna bin ta bashi shekara da shekaru. Asibitin da ba a biya ba, da me zai sayi zaren ɗinki da maganin sa barci?

Kwamitin Lancet na 2015 ya sa ma'auni: majiyyaci ya isa inda za a yi masa fiɗar gaggawa cikin awa 2. Da wannan za mu auna ku. Ku biya asibitoci, ku ajiye mai fiɗa da mai sa barci da jini da wuta a Magariya da Dungas duk shekara, ku buga yawan masu jira kowane wata. In kun yi haka, ayari ya zo ya ƙara.